Hatimin Malam da Layukan Agnes Martin

Cikin 1973 Agnes Martin, wata mai zane a Amurka, ta fitar da takardu 30, ba kome cikinsu sai layuka. Wanda ya taɓa ganin malamin zaure a Daura yana zana gidajen hatimi da alƙalamin kara zai ce aikinsu ɗaya ne. Amma fa kama da wane ba wane ba ne. Martin ta bar gidajenta wayam, gama layin shi ne maƙasudinta. Malam kuwa yakan cika nasa da haruffa da lambobi, sa'an nan a ɗinke takardar cikin fata, ba mai sake ganinta. Saboda haka wanda ya rataye hatimi a bango don kallo ya raba shi da aikinsa.