Jinjina ga Masu Riƙe da Makullan Jami'a

In ana zancen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, sunayen farfesoshi ake fara lissafawa. Ma'aikatan da ba sa shiga aji su ma sun cancanci jinjina.

A Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim akwai waɗanda suka san inda tsoffin kundayen digiri suke, ko da kwamfuta ta ƙi tashi. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje kan riga malami isowa, ya wanke kwalabe, ya auna sinadarai, ya lallaɓa tsohuwar na'ura har ta yi aiki. Kuskure ɗaya a ofishin jarrabawa kuwa na iya jinkirta wa ɗalibi tafiya hidimar ƙasa, shi ya sa akawun kirki ke sake duba maki kafin ya rufe fayil.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kuɗin mota zuwa Samaru, inda jami'ar take, ke yagar albashi. Gaskiya akwai masu sa hannu su sulale. Amma da yawa ƙarfe takwas na yi musu a bakin aiki, kuma lokacin rajistar sababbin ɗalibai har magariba kan tarar da su a ofis.