Masu Gyaran Sitiyari a Kakuri

Gyaran sitiyari aiki ne na kunne da tafin hannu. A Kakuri, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, makanikai sun daɗe da gwanancewa a kansa. Idan sitiyari ya yi tauri, gwani ba ya garajen kwance komai. Sai ya leƙa mai, ya taɓa bel, ya kasa kunne ga famfo. Ƙugi yakan nuna mai ya ragu ko iska ta shiga. Rawa kuwa galibi daga taya take, ko sandunan da ke juya ta. Sababbin motoci da sitiyarin lantarki suke zuwa, yaran gareji kuma har sun iya gano matsalarsa da kwamfuta.