Randar Ladi Kwali: Ta Sha Ce Ko Ta Kallo?

Jama'ar Ali Kazaure, a wurinmu in an ce gwanjo, hankali kan tafi Kasuwar Katako ne, wajen riguna da takalma. Amma a Landan gwanjo wurin masu hannu da shuni ne, inda ake tayin kayan fasaha har sai guduma ta sauka. Can ne tukwanen yumɓu na Axel Salto ɗan Denmak da Stig Lindberg ɗan Suwidin, aikin shekarun 1950, ke kai farashin da zai sayi gida a unguwarmu. To, yanzu randunan Ladi Kwali, matar da hotonta ke bayan takardar naira 20, su ma sun shiga wannan sahu, ana sayen su da dubban fam.

Ladi 'yar Gwari ce daga Kwali. Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ta shiga makarantarsa ta gina tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ta rasu a 1984.

Mu faɗi gaskiya, hannunta gwani ne. Ba da na'ura take ɗaga babbar randa ba, da hannu take murza yumɓu tana zagayawa, amma cikin ya fito daidai kamar an auna. Zanen ƙadangare da kunama da kifi kuma ya zauna a jikin randar, bai cika mata ciki ba.

Sai dai ga inda muke da ja. Randar iyayenmu tana zufa, wannan zufar ce ke sanyaya ruwa. Da aka shafe ta Ladi da sinadarin ƙyalli aka gasa ta da wuta mai tsanani, ƙofofin yumɓun sun toshe, ta yi nauyi, ba ta ƙara sanyaya ruwa ba. Ta samu kyau, ta rasa aikinta. Mutanen Suwidin kuwa, kofi da faranti da gwanayensu suka tsara sun shiga gidan talaka yana cin abinci a ciki. Mu namu ya tafi falon Turawa, mu kuma muka koma bokitin roba.

Laifin ba na Ladi ba ne, namu ne. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da zauren tukwane daga sassan ƙasar nan. Mu nawa ne muka taɓa kai yaranmu? Mai ginin tukunya ta zo kasuwa, mu taya kayanta kamar muna mata alfarma.

Kafin dillali ya zo ya yi wa tsohuwar randar Hajiya tayin banza, mu san darajarta tukuna. Allah Ya sa mu gane.