Harshe da Kasuwa: Tsokaci a kan Karɓuwar Wasan Disco Elysium

Wannan maƙala tsokaci ce a kan yadda 'yan wasa da kasuwa suka karɓi Disco Elysium, wasan kwamfuta na shiga rigar ɗan wasa, wanda ƙaramin kamfanin ZA/UM ya fitar a shekarar 2019. Jigonsa binciken kisan kai ne, amma ginshiƙinsa zance ne, ba faɗa ba. An rarraba tunanin tauraron zuwa halaye 24, kowanne da muryarsa da salon maganarsa, suna jayayya a cikin ƙwaƙwalwarsa.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun yaba da armashin zancen, wasu kuwa suka koka cewa karatun ya yi yawa, har suna ganin littafi ne aka yi wa rigar wasa. Wannan suka yana da ƙamshin gaskiya, domin sigar da aka sake fitarwa a 2021 ta zo da muryoyin da ke karanta kusan dukkan zantukan. Duk da haka, wasan ya lashe kyaututtuka 4 a bikin The Game Awards na 2019.

Abin lura shi ne, marubucinsa Robert Kurvitz ya riga ya yi amfani da wannan duniya a littafin da ya wallafa da harshen Estoniya a 2013, amma bai sami kasuwa ba. Da aka sake ƙera ta da Ingilishi, sai ta zaga duniya. Ke nan, gwanintar marubuci kaɗai ba ta sayar da aiki. Yawan masu jin harshensa ma yana yanke hukunci.