Jinjina ga bahagwai masu ɗinkin hannu

A cikin birnin Zariya, inda ake zama a zaure ana ɗinkin babbar riga, bahago yakan fara sana'ar da bashi a wuyansa. Tun yana yaro an sha doke masa hannu a bakin akushi, ga shi yanzu an miƙa masa allura, maigidansa kuma da dama yake nuna masa komai.

Dabarar da ke fid da shi ita ce ya zauna gaba da gaba da mai koya masa, kamar mai duba madubi. Shi ke nan sai ya riƙa bin zanen aska takwas ta inda na dama yake ƙarewa. Wahalar tana wajen waɗannan ƙananan hudoji da ake zagaye bakinsu da zare har wuyan riga ya zama kamar raga. Zare murɗaɗɗe ne, idan aka juya hannun ɗinki sai ya riƙa warwarewa ko ya ƙudundune, dole bahago ya saki allura tana lilo lokaci-lokaci har zaren ya koma daidai. Almakashin ma ba don shi aka ƙera ba, sai ya tauna shadda kafin ya yanke.

Ni dai ina jinjina musu. Ranar hawan Sallah, hakimi zai wuce cikin riga mai aiki, ba kuwa wanda zai iya nuna ɗinkin hagu a ƙirjinta, sai tsohon maɗinki da ya kifa rigar ya dubi bayan aikin.