Malamin Makaranta a Fagen Waƙa: Tsokaci a kan Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari

Manufar wannan takarda ita ce a sake duban matsayin Waƙar Nijeriya a cikin rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na ashirin. Mun lura cewa manazarta sukan ambace ta a gurguje, su wuce zuwa ga Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, kamar dai darajarta duka ita ce mawallafinta ya zama shugaban ƙasa daga baya.

An haifi Shehu Shagari a garin Shagari a 1925. Ya yi elementare a Yabo, da midil a Sakkwato, sa'an nan Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya kuma riƙe hedimasta a Argungu kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 1954. Ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a 1948 ya tsara waƙar, watau yana malamin aji ɗan shekara 23. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga ta a 1973.

Jigon waƙar ilmantarwa ne: labarin ƙasa da tarihin Nijeriya. A nan ne masu suka suke kafa hujja, wai wannan darasi ne aka ɗaure da amsa-amo, ba waƙa ba. Mu kam ba mu yarda da wannan rarrabewa ba, domin baƙuwa ce a adabinmu. Tun zamanin jihadi malamai irin su Shehu Usmanu da Abdullahi da Nana Asma'u suke zuba tauhidi da fiƙihu da tarihi a cikin baitoci, saboda wanda bai iya karatu ba ya ji, ya haddace, ya isar wa wani. Har lissafi da taurari an waƙe su. Shagari ya tashi ya tarar da wannan hanya, sai ya bi da ilmin boko ta cikinta. Mu tuna kuma irin ɗalibin da yake gabansa: yaron da ya san Sakkwato da Gwandu da Zamfara, amma kalmar Nijeriya ba ta daɗe a bakin iyayensa ba, tun da sai a 1914 aka haɗe Kudu da Arewa. Sa irin wannan yaro ya rera sunan ƙasar da bakinsa, shekara 12 kafin mulkin kai, ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma fa irin wannan waƙa tana tsufa tare da taswirarta. Lokacin da aka tsara ta yankuna 3 ne. Aka yi jihohi 12 a 1967, aka yi 19 a 1976, hedkwata ta bar Ikko zuwa Abuja a 1991, Zamfara kanta ta fita daga Sakkwato a 1996. Waƙar Musa Ɗanƙwairo, wanda Bakura da Maradun suke tinƙaho da shi, ba ta da wannan matsala: Mai Dubun Nasara tana nan a bakin jama'a ko da yake Sardauna ya kwanta dama tun 1966. Saboda haka muna ganin ajin adabi da na tarihi ne muhallin Waƙar Nijeriya yanzu, ba ajin labarin ƙasa ba.

Akwai wani abu da mai koyar da ita a yankin Talata Mafara ba zai iya tsallakewa ba. A watan Afrilu na 1980, a zamanin mulkin mawallafin, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori masu neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya ci, aka yi asarar rayuka. Wasu ɗalibanmu jikokin waɗannan manoma ne, kuma da wannan kunne suke jin sunan Shagari. Bai dace a ɗora wa malamin 1948 alhakin 1980 ba, bai kuma dace malami ya yi kamar bai san abin da yake zukatan ajinsa ba. Shawararmu ita ce a karanta waƙar a faɗi shekararta, a faɗi abin da ya biyo baya, sa'an nan a sa ɗalibai su gwada yadda waƙar ta kalli ƙasa da yadda makaɗan noma na Zamfara suke kallon gona.