Jinjina ga Masu Sake wa Ganga Aiki

Ko da yake shari'a ta haramta mana abin da ake zubawa cikin ganga, adalci ya wajabta a yaba hikimar masu dafa giya a gida a Amurka, waɗanda, tun da Shugaba Carter ya sa hannu kan dokar da ta ba su izini a 1978, sukan ɗauki tsohuwar ganga ta ƙarfe mara tsatsa, su fara sace iskar da ke matse ciki, domin gaggawa a nan hatsari ce, sa'an nan su zare bututun tsakiya, su wanke ta fes, su toshe bakin da roba mai 'yar kafa, inda iskar tsimi ke fita, ta waje kuwa ba ta samun shiga. Tulun gilashi, wanda ganga ke maye gurbinsa, yakan fashe. Ganga sai dai ta lotsa.